Ranar da Bamanga Ya Wanke Fim

A shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma’aikata suka sauka, Gombe ta cika da sababbin rediyoyi da sababbin babura, amma duk garin babu wanda abin ya hau wa ka kamar Bamanga na unguwar Herwagana. Aikinsa a ofishin yaɗa labarai bai wuce bin motar majigi ƙauye-ƙauye ba. In an isa, shi ne mai kafa turaku, ya ɗaure farin ƙyallen da ake haska fim a jiki, ya kori awaki. Ko da wasa ba a taɓa barinsa ya sa hannu a injin ba. Amma da zarar ya dawo unguwa sunansa Injiniyan Majigi, in kuwa ka kira shi Bamanga kawai sai ya yi kunnen uwar shegu da kai. Da kuɗin nan ya sayi babur, Besfa shuɗiya, yana goge ta safe da yamma, yana yi mata magana. Matarsa Suwaibatu ta ce ko ita da tana amarya ba ta ga irin wannan lelen ba.

Mahaifin Suwaibatu shi ne Baba Jaji, wani tsohon Bafulatani mai sanyin magana. Tun yana saurayi annoba ta share masa garke, ya shigo gari ya zama kukun wani Bature a injin gurzar auduga. Da aka ba da mulkin kai, Baturen ya tattara nasa ya nasa, ya bar wa Jaji tukwane da tsohon kwat da wani faffaɗan gwangwani mai fim a ciki. Jaji ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado ya manta da shi, don shi abu ɗaya ne a ransa, ya ga ɗakin Allah kafin ya mutu, kuma hali bai yi ba.

Ana nan sai labarin gwangwanin ya kai kunnen Likita Babayo. Shi wannan ɗan gari ne, ya yi karatu a Ingila, ya dawo da wata cuta da shi kansa ya kasa yi wa magani. Abokansa na tara gidaje da shanu, shi kuwa tsofaffin gajerun finafinan zane yake tarawa, irin na farko-farko, waɗanda aka yi tun ana laluben yadda zane zai yi motsi. Ya cika kabad guda da su. Wata rana da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gidan Jaji.

Bamanga na jin an ce ga mota a gidan surukinsa, sai ga shi kamar an jefo shi. Ya tarar da Likita a zaure tare da Jaji da Mai Unguwa Wakili, wanda ya zo shan inuwa. Likita ya buɗe gwangwanin, ya warware zaren fim ɗin kamar kamu guda, ya ɗaga shi wajen haske.

A daidai lokacin Bamanga ya lura ya ajiye Besfa a bayan motar Likita, inda Likita ba zai gan ta ba. Ya yi wuf ya fita don ya gyara mata tsayuwa. Saboda haka bayanin da Likita ya yi a kan fim ɗin bai shiga kunnensa ba.

Likita ya ce, “Baba, ka san abin da ke ƙarƙashin gadonka kuwa? Wannan ba da kamara aka yi shi ba. Wani bawan Allah ne ya zauna da allura da fenti, ya bi ’yan tagogin nan na jikin zaren ɗaya bayan ɗaya, yana karcewa, yana ɗiga launi. In aka sa a inji sai launukan su tashi suna rawa. Waɗannan karce-karce da ɗige-ɗige da kake gani, su ne fim ɗin. Kuma na hannu ne, babu na biyunsa.”

Jaji ya ce, “Ikon Allah. Ni da na ɗauka datti ne.”

“In ka ba ni shi, Baba, kujerar Makka ta bana tana wuyana. Sai dai ina so mu fara ganinsa tare, ga shi ƙwan fitilar injina ya ƙone. Zan je Jos in samo. Ranar Asabar bayan La’asar ka kawo shi gidana a Manawashi. Amma don Allah kada kowa ya taɓa.”

Bamanga ya dawo daidai kan kalmar Makka. Ya raka Likita har mota yana ta jan shi da hira ta gefen Besfa, Likita dai bai ko kalle ta ba. Da ya koma zaure ya jawo gwangwanin, ya ɗaga zaren, ya girgiza kai kamar wanda aka kawo wa mara lafiya a makare.

Ya ce, “Baba, Allah ya taimake ka kana da injiniya a gida. Dubi datti! Dubi tsatsa! Ko mutum ɗaya ba a gani a ciki. In aka haska wannan a haka, wallahi ko kujerar Bauchi Likita ba zai ba ka ba. Sabis yake bukata.”

Jaji ya ce, “Ai Likita ya ce kada a taɓa. Ya ce karce-karcen nan...”

“Na sani, Baba, na sani! Jahilai yake nufi. Ni da fim ya ratsa hannuna fiye da yadda tuwo ya ratsa shi?”

Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, Jaji kuwa Bafulatani ne na gaske, ba zai tsaya musu da mijin ’yarsa ba. Ya dai sunkuyar da kai ya riƙe gwangwanin gam. Ganin haka sai Bamanga ya zaro makullin Besfa ya kaɗa shi a sama.

“Baba, in wani abu ya sami fim ɗin nan a hannuna, Besfa ta zama taka. Ka sayar ka tafi Makka!”

Jaji ya ɗago kai a hankali ya dubi Mai Unguwa. “Wakili, ka ji ko?”

Mai Unguwa ya ce, “Da kunnuwana biyu.”

Sai Jaji ya saki gwangwanin.

Washegari da sassafe Bamanga ya sa Suwaibatu ta tafasa ruwa. Ya juye a baho, ya jefa kanwa da sabulun soda, ya warware fim ɗin kaf ya danna shi ciki, ya naɗe hannun riga ya kama dirza da soso. Ruwan ya yi ja, ya koma kore, ya rikiɗe ya zama wani launi da ba shi da suna.

Suwaibatu ta ce, “Maigida, anya haka ake yi?”

“Ke dai kawo ruwan ɗauraya. Kin ga dattin shekara da shekaru yana fita?”

Maƙwabciyarsu Lami mai ƙosai, ’yar Tangale ce mai bakin tsiya, katanga kawai ta raba su. Ta leƙo ta ce, “Injiniya, yau kayan cikin wa ake wankewa?”

“Fim ne, Lami. Ilimi ne. Ba harkar wake ba ce.”

“To ilimin naka ya biyo kwata ya shigo mini gida. Agwagwata fara ce jiya, yanzu ga ta can kamar atamfa.”

Bamanga bai kula ta ba. Ya shanya zaren fim ɗin a igiyar shanya, bai ishe shi ba, ya zagaya da shi bishiyar dalbejiya, ya haye rufin kicin, ya jefa ragowar ta kan katanga. Bai daɗe da zama ba sai ya ga zaren yana tafiya da kansa, yana bin katanga yana sulalewa. Ya yi tsalle ya cafke. Ashe akuyar Lami ce ta kama ɗaya bakin tana tauna. Ya ja, akuya ta ja. Ya taka turmi don ya ƙara ƙarfi, turmi ya mirgina, zaren ya tsinke, Injiniya ya zauna daram a cikin bahon ruwan kanwa.

Lami ta ce, “In akuyata ta mutu, da Besfa za ka biya.”

“Besfar nan dai kowa ita yake gani!”

Kafin Azahar rana ta gasa abin da ya saura, ya kanannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Bamanga ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya zuba garwashi a dutsen guga. Ɗorawar farko, wani wari ya tashi, kamu guda na fim ya manne a gindin dutsen ya ƙi fita. Sai ya haƙura da guga, ya shimfiɗa sauran a ƙarƙashin katifa ya kwanta a kai. Da yamma ya zaro ya ɗaga sama. Zaren ya fita fes, kana ganin gari ta cikinsa. Ya yi ta zagaya tsakar gida da shi yana cewa a zo a ga aiki.

Suwaibatu ba ta nan, ta je gaida mahaifinta. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko cire mayafi ba.

“Maigida, Baba ya ce in tambaye ka ko karce-karcen da launukan suna nan lafiya. Wai Likita ya ce su ne fim ɗin.”

Bamanga ya dubi zaren da ke hannunsa. Ya dubi kwata. Can ta ƙarƙashin katanga sai ga agwagwar Lami ta ratso tana rangaji, da rabin fim ɗin Bature a gashinta. Tsoro ya kama shi na gaske, ya juya ya kalli Besfa inda take a jingine tana ƙyalli.

Wani in haka ta same shi sai ya tafi ya faɗi gaban surukinsa ya ba da haƙuri. Bamanga kuwa ko minti biyar bai yi ba ya miƙe yana dariya.

“To me ya yi zafi? Zane ne fa! Abin da Bature ya zana, ni ne zan kasa? Shi ɗige-ɗige ya yi don bai iya ba. Ni shanu zan zana. Likita zai ƙara wa Baba da kujerar matarsa Inna.”

Ya aika aka kawo tawada daga makarantar allo, ya kwashe lallen Suwaibatu da jan bakinta da kwallinta, ya samo shuni a marina. Da ruwan ɗorawa ya gagara, ya tsoma tsinke a kwalbar manja. Ya miƙe zaren daga zaure har bayan gida ya durƙusa. Su ’yan tagogin da Likita ya yi magana a kai, waɗanda kowace ke ɗaukar hoto guda, Bamanga ya ɗauka ado ne. Sai ya zana saniyarsa a kwance bisa tsawon zaren, kai a bakin zaure, wutsiya a gindin randa. Da tawada ta ƙi zama, ya dama ƙaro da sukari ya shafe ko’ina don ya kama ya yi sheƙi. Wuraren da akuya da dutsen guga suka raba kuwa, ya ba Suwaibatu allura da zare.

Ta ce, “Ni dai ban taɓa jin an yi wa fim ɗinki ba.”

“Shi ya sa ba a kira ki Injiniya ba. Ƙulla da kyau.”

Ya bar shi a shimfiɗe ya sha iska. Maimakon ya zauna ya tsare, sai ya hau Besfa ya shiga gari. Ya bi kasuwa, ya bi tasha, ya bi majalisar masu shayi, yana shelar cewa ranar Asabar za a haska fim ɗin da ya gyara da hannunsa, wanda Turawa suka kasa, kowa ya zo kyauta. Ranar Asabar ɗin ya makara, ya nannaɗe zaren a gurguje ya cusa a gwangwani. Bai lura ba cewa kiyashin Herwagana kaf sun ji labarin sukari, sun zo, sun manne.

Likita Babayo ya shirya wa mutum uku kujera a garejinsa. Da ya leƙo bayan La’asar sai ya ga rabin gari a ƙofar gidansa, har da Lami da tirenta na ƙosai, don ita ba ta ganin taro ta bar shi ya wuce. Ba yadda ya iya, ya bari aka shiga. Aka toshe tagogi da barguna, aka ja ƙofa, wuri ya yi duhu. Jaji da Mai Unguwa suka zauna a gaba. Likita ya karɓi gwangwanin yana lalube, ya kamo bakin zaren, wanda Bamanga ya bari fari, ya saƙala a inji.

Ya ce, “Me ke warin manja haka?”

Bamanga ya ce, “Ƙosan Lami ne, ranka ya daɗe.”

Inji ya tashi, haske ya bugi bango. A majigi akwai al’ada, mutum guda yakan tsaya gefe yana yi wa jama’a bayanin abin da suke gani. Shekarun Bamanga yana kwaɗayin wannan matsayi, yau kuwa babu mai hana shi. Ya tsaya gefen bango ya gyara murya.

Wani baƙin layi ya fito yana karkarwa.

“Jama’a, wannan ƙahon saniya ne!”

Layin ya yi kauri ya ci gaba.

“Yanzu mun shiga gadon bayanta.”

Jama’a suka zuba ido. Layi dai yana ta tafiya.

“Har yanzu bayan nata ne.”

Mai Unguwa ya ce, “Injiniya, wannan saniya daga nan har Kumo ta kai ne?”

Dariya ta ɓarke. Likita bai yi dariya ba, ya matso da fuskarsa kusa da bango yana cewa, “Ba wannan ba ne. Ba abin da na gani ba ke nan.” Kafin ya juya wajen inji sai ga wani abu ya cika bangon, baƙi ƙirin, da ƙafafu shida da ƙahoni biyu da kai kamar tulu. Ya ɓace, wani ya fito a kife, wani a karkace, sai ga su rututu suna tsalle suna shure-shure. Kiyashi ne, haske ya mai da kowane ya fi ɗan maraƙi.

Wata tsohuwa ta kurma ihu, “Aljanu!” Shi ke nan wuri ya yamutse. Masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi, kowa ya nufi ƙofa a duhu. Aka bi ta kan tiren Lami, ƙosai ya watse, wani ya taka ya zame ya rungumo Mai Unguwa suka faɗi tare.

Bamanga yana ta ɗaga murya, “Ku tsaya! Ku tsaya! Waɗannan... waɗannan shanun Ingila ne!”

Daidai nan ɗinkin Suwaibatu ya iso bakin inji. Ƙullin ya sarƙe, inji ya yi wani kuka ya tsaya a kan ƙaton kiyashi guda. Zafin ƙwan fitilar ya kama manja, kiyashin ya kumbura a bango, ya yi ƙwai-ƙwai, ya narke. Hayaƙi ya tashi da ƙamshin suya.

Likita ya kashe inji ya banke ƙofa. Haske ya shigo. Ya jawo zaren ya ɗaga, lalle da manja suka bi masa yatsu, ga ɗinki, ga kiyashi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Baba, ina zanen da na gani?”

Lami ce ta amsa daga ƙasa inda take tsintar ƙosanta. “Likita, in zanen kake nema, rabi yana jikin agwagwata, rabi yana cikin akuyata. Injiniya ya wanke shi da kanwa.”

Likita ya zauna a kan dandamalin gareji kamar an zare masa laka. Baƙin cikinsa ya fito fili, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Mutum ya ƙare idonsa a kan abin nan. Ya tsallake teku, ya tsallake gara da damina a ƙarƙashin gado, bai lalace ba. Ban ko gan shi yana motsi ba. Yanzu babu wanda zai ƙara ganinsa har abada.”

Bamanga ya ce, “Amma ranka ya daɗe, a faɗi gaskiya, nawa ma ai ya motsa. Ka taɓa ganin fim ɗin da ya tashi mutane tsaye haka?”

“Malam, a ina ka koyi aikin fim?”

“Shekarata nawa a majigi!”

Wani daga cikin taron ya ce, “Turaku yake kafawa, Likita!”

Wani ya ƙara, “Da korar awaki!”

Lami ta ce, “Ko awakin ma bai iya korarsu ba.”

Ana cikin wannan dariya Baba Jaji ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tako har gaban surukinsa. Bai ɗaga murya ba, bai ko dube shi a ido ba. Tafin hannu kawai ya miƙa.

Bamanga ya ce, “Baba, ai maganar nan... irin ta baki ce. Tsakanin ɗa da uba.”

Jaji ya ce, “Wakili.”

Mai Unguwa, yana gyara rawaninsa da ya warware, ya ce, “Da kunnuwana biyu.”

Makullin ya daɗe a aljihu kafin ya fito, kuma da ya fito sai da Jaji ya ɗan ja kafin yatsun su sake shi. Nan ma ba a gama ba, don tsoho bai iya tuƙi ba. Bamanga ne ya tura Besfar da hannunsa daga Manawashi har ƙofar gidan surukinsa, jama’a na biye da shi.

Cikin mako wani dillalin auduga ya saye ta. Abin da ya rage Likita ya cika, ya ce ba zai bari tsoho ya yi asara biyu ba. Ranar da maniyyata za su tashi zuwa Kano, unguwa ta fito rakiya tasha. Jaji ya sha sabuwar riga, fuskarsa kamar ta yaro don murna. Har ya sa ƙafa a mota sai ya juyo, ya kamo hannun Bamanga a gaban kowa.

Ya ce, “Useko, na gode. Zan yi maka addu’a a can. Amma don Allah, kafin in dawo, kada ka gyara mini komai.”

Mota ta tashi. Bamanga ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, don rabin kujerar da tsohon ke zaune a kai shi ya san da me aka saye ta. Sai ya ankara mutane na kallonsa. Nan da nan ya buɗe kafaɗa.

“Ku faɗa mini, duk Herwagana wa ya taɓa kai surukinsa Makka? Ni ne nan na kai nawa!”

Lami ta buɗe baki za ta ƙaryata shi kamar yadda ta saba, ta juya maganar ta ko’ina, ta rasa inda za ta kama. Ta rufe bakinta. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa, ya kama hanyar gida cikin rana tsaka, a ƙasa.